Ekklesiya: Gida Ko Zango?

Akwai kalma guda wadda mu masu bi mu ke kashewa kowace Lahadi kamar ba ta da tsada, ita ce "ɗan'uwa". Mai wa'azi ya kan fara da ita, mai sanarwa ya bi da ita, mai rubuta wasiƙa ya rufe da ita. Amma a bakin Bahaushe wannan kalma tana da nauyi. Ɗan'uwa shi ne ɗan uwarka, wanda kuka sha nono ɗaya. Idan ya ci bashi kai a ke dubawa, idan ya yi abin kunya da kai a ke yi, idan ya mutu 'ya'yansa sun zama naka, ko ka so ko ka ƙi. To, sa'anda muka kira mutum ɗan'uwa a cikin majami'a, wannan nauyi mu ke nufi, ko kuwa gaisuwa ce kawai irin ta kan hanya? Abin da mu ke so mu auna ke nan tare da masu karatu.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. A ƙasar Kankiya da Kusada, a Kunduru ko Gyaza ko Rimaye ko Kafin Soli, idan aka ce "gidan wane", ba katanga da zaure kaɗai a ke nufi ba. Ana nufin mutane, da gona, da rumbu. Tsarin da iyayenmu suka tashi a ciki shi ne gandu. Mai gida ke riƙe da gonakin gandu. 'Ya'yansa maza, har da masu aure, wani lokaci da ƙannensa, su kan fita tare da sassafe su yi noma har wajen azahar. Da yamma kowa ya nufi gayaunarsa, abin da ya samu a can kuwa nasa ne. Gero da dawar gandu rumbu ɗaya su ke shiga, daga nan a ke auna wa matan gida na tuwo. Mai gida shi ke ba da iri da fartanya, shi ke biyan haraji a zamanin da a ke biyansa, shi ke yi wa saurayi auren fari, shi ke neman ragon suna. Wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Ɓatagarawa kusa da birnin Katsina a 1967 tana binciken zaman manoma, abin da ta gani kuwa shi ne gandu yarjejeniya ce ta amfanin juna tsakanin uba da 'ya'yansa: kowa ya ba da ƙarfinsa, kowa ya sami abin dogara. Yau gandu ya yi rauni ƙwarai. Rabon gado ya tsittsinka gonaki, samari da yawa sun nufi Kano da Abuja da Legas neman kuɗi. Duk da haka ma'aunin da ya bar mana yana nan. Har yanzu idan za a san ko mutum ɗan gida ne, a kan duba ko yana da rabo a rumbun a ranar yunwa.

Zango kuwa wani abu ne dabam. Nan ne fatake su kan sauka a zamanin ayari, kowa da jakinsa, kowa da tukunyarsa. A gaisa, a yi hira a bakin wuta, a ba juna labarin hanya, da asuba kowa ya ɗaure kayansa ya wuce. Ba mugun wuri ba ne zango, yana da daɗi ma. Amma ba a taɓa jin wanda aka yi wa aure daga aljihun 'yan zango ba, ba kuwa maraya da zango ya rena.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin shakka ba a kan wanne ne ekklesiya a cikin biyun nan. Manzo Bulus ya faɗa wa masu bi na Afisa, waɗanda dā al'ummai ne, cewa sun daina zama baƙi, sun shiga cikin iyalin gidan Allah (Afisawa 2:19). Da ya ke koya wa Timotawus yadda za a zaɓi shugaba, ya ce a fara duba yadda mutum ya ke riƙon gidansa, gama wanda ya kasa da nasa ƙaramin gida ba zai iya da ekklesiya ba (1 Timotawus 3:4-5). Ya kuma ce masa ya ɗauki tsofaffi maza kamar ubanni, tsofaffi mata kamar uwaye, samari da 'yan mata kamar waɗanda aka haifa ciki ɗaya da shi (5:1-2). Masu bi na fari ba su da gine-ginen sujada irin namu. A gidan Akila da matarsa Bilkisu a ke taruwa, da gidan Nimfa, da gidan Filimon. Ko majami'a mafi tsufa da masu tonon tarihi suka gano, a wani gari mai suna Dura a ƙasar Suriya, bakin kogin Yufiretis, gidan zama ne da aka gyara wajen shekara ta 240: aka rushe bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu domin jama'a su sami wurin zama, aka mai da wani ɗaki wurin baftisma.

Wani zai ce ai duk wannan kwatanci ne, maganar ruhu ce, ba ta kai ga gero da dawa ba. To, a buɗe Markus 10:29-30. A nan Ubangiji Yesu ya yi alkawari ga wanda ya bar gida ko 'yan'uwa ko iyaye ko 'ya'ya ko gonaki saboda shi da Bishara, cewa zai sami irin waɗannan abubuwa riɓi ɗari tun a wannan zamani, tare da tsanani, sa'an nan rai madawwami a zamani mai zuwa. Mu lura, har gonaki ya ambata. Daga ina gonakin nan za su fito? Ba mu taɓa ganin gona ta faɗo daga sama ba. Uwayen nan ɗari su wane ne, in ba matan ekklesiya ba? Gidajen nan ɗari kuma na wa, in ba namu ba? Ashe Ubangiji ya yi alkawari, ya kuwa sa cikawarsa a hannun jama'arsa. Ekklesiyar da ta rufe rumbunta ga irin wannan mutum ta sa shi zai duba maganar Ubangijinsa ya ga kamar ba ta cika ba, wannan kuwa ba ƙaramin laifi ba ne. Masu bi na dā sun gane haka. A wajen shekara ta 251 Karniliyas, shugaban ekklesiyar Roma, ya rubuta cewa gwauraye da mabukata fiye da 1,500 ke ci daga hannun ekklesiyarsa, a lokacin da zama Kirista ya kan jawo kurkuku da mutuwa.

Ba sai mun je Roma ba ma. Bishara ta shigo lardin Katsina ta ƙofar waɗanda gida ya ƙi. Wajen ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, mishan ɗin S.I.M. ya karɓi aikin jiyyar kutare a Babbar Ruga kusa da birni, kamar yadda ya karɓa a lardin Kano da kuma Amanawa a lardin Sakkwato. Wanda ya san yadda a ke yi wa kuturu a wancan zamani ya san abin da mu ke nufi. A kan ware masa ƙwarya, a ware masa bukka a bayan gida, wani matarsa ta fita, wani ya ƙare da bara a kasuwa. A wuraren jiyyar nan mutane daga garuruwa dabam dabam, waɗanda ba jini tsakaninsu, suka zauna wuri ɗaya, suka yi noma, suka koyi karatu, waɗansu suka ba da gaskiya, suka auri juna. Da maganin da ke warkar da cutar ya samu, waɗansu suka koma garuruwansu da Littafi a hannu, waɗansu kuwa ba su da inda za su koma, ekklesiya ta zama musu dangi. Daga baya tashoshin mishan a Malumfashi da Matazu suka kai Bishara cikin gidajen Maguzawa, har aka kafa E.C.W.A. a 1954, ekklesiyoyi suka fara tsayawa da ƙafarsu.

Labarin Zariya ma haka ya ke. Likita Mila na mishan ɗin C.M.S. ya zauna a birnin Zariya tun 1905. Kafin yaƙin duniya na fari waɗansu daga cikin Isawa, watau zuriyar almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa, suka zo wurinsa, aka kafa musu ƙauye a Gimi domin su zauna tare su yi noma. Ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kashe mutane da yawa, ya bar marayu. Waɗannan marayu ba a bar su sun watse ba, jama'ar masu bi ta riƙe su, ta sa su makaranta. A 1929 aka ƙaura zuwa Wusasa, bayan gari. Daga cikin wannan ƙaramar jama'a aka sami Dokta Barau Dikko, likita na fari ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Mutane su kan yi alfahari da waɗannan sunaye, daidai ne kuwa. Amma kafin a sami likita sai da aka sami wata mace da ta ƙara ruwa a tukunyarta saboda ɗan da ba ita ta haifa ba.

Yanzu mu dawo gida. A ƙasar Kankiya da Kusada yawancin jama'a Musulmi ne, masu bi kima ne, a warwatse. Sai an gangara kudu wajen Matazu da Malumfashi da Ƙafur su kan ɗan yi yawa. A irin wannan wuri, mutumin da ya bar addinin gidansu ya bi Almasihu ba ra'ayi kaɗai ya sake ba. Sau da yawa ya fita daga gandu ke nan. A shari'ar Musulunci babu gado tsakanin masu addini dabam, saboda haka wanda ya fito daga gidan Musulmi ya san gonar ubansa ta wuce shi. To, ranar baftismarsa mu kan yi waƙa, mu yi murna, mu kama hannunsa. Kashegari fa? Yana bukatar wurin kwana. Damina ta zo, yana bukatar aron gona da iri. Lokacin aure ya yi, yana bukatar dattijon da zai shige masa gaba a matsayin uba, da gidan da zai yarda ya ba shi 'ya, ba tare da an ɗora masa kayan da ko ɗan sarki zai yi nishi ba. Ran da ya mutu yana bukatar masu haƙa da masu ɗauka. Waɗannan su ne ayyukan gida, ba kuwa ɗaya a cikinsu da a ke gamawa da "Allah ya tanada".

Mu tsaya kaɗan a kan maganar aure, gama a nan ne a ke gane gaskiyar zumunci. Dattijo zai kira sabon mai bi ɗan'uwa shekara biyar, ya ci Jibin Ubangiji tare da shi, ya yabe shi a gaban jama'a. Ran da yaron ya aiko neman 'yarsa, sai ka ji ana tambaya: ɗan wane ne, ina asalinsa, su wa za mu kama idan wani abu ya faru? Ba mu ce uba kada ya bincika halin mai neman 'yarsa ba, wajibi ne ya bincika. Amma idan abin da ya hana shi ne yaron ba shi da dangi, to, ai saboda Almasihu ya rasa su, mu ne kuma muka ce masa mu ne danginsa. Saurayin da ya nemi aure a gida uku na masu bi aka hana shi, ya san amsar tambayar da ke kan wannan shafi, ba ya bukatar a karanta masa.

Akwai masu ƙin wannan koyarwa, ya kamata kuwa mu saurare su. Na fari su ne dangin jini. Su kan ce, ku Kirista kuna raba ɗa da ubansa, kuna kiran kanku gida domin ku kwashe 'ya'yan mutane. Maƙwabtanmu Musulmi sun ɗauki sada zumunci da girma, su kan kuma cika shi ta hanyar da ta isa a yi koyi da ita. Saboda haka wannan zargi ba na raini ba ne. Gaskiya ne Ubangiji Yesu, sa'anda aka ce masa uwarsa da 'yan'uwansa na nemansa a waje, ya nuna waɗanda ke zaune kewaye da shi, ya ce mai yin nufin Allah shi ne danginsa (Markus 3:31-35). Amma shi ɗin ne kuma ya tsauta wa malaman da ke koya wa mutum ya keɓe dukiyarsa da sunan Allah domin ya kuɓuta daga ciyar da iyayensa (Markus 7:9-13). Shi ne kuma, yana bisa gicciye, ya danƙa uwarsa a hannun almajirinsa, ya kai ta gidansa (Yohanna 19:26-27). Bulus ya ƙara da cewa mai bi da bai kula da mutanen gidansa ba ya fi marar ba da gaskiya muni (1 Timotawus 5:8). Don haka mai bi daga gidan Musulmi ko na Maguzawa ba shi da izinin yanke zumunci. Idan an kore shi, ya ci gaba da gaisuwa. Idan an ƙi gaisuwarsa, ya aika da damin gero ran kaka. Idan uwarsa ta kwanta ciwo, ya zama na fari a bakin ƙofa. Abu ɗaya kaɗai ba zai bayar ba, watau bangaskiyarsa. Ekklesiyar da ta karɓe shi kuma aikinta ne ta riƙa tura shi wajen iyayensa da alheri, ko da shekara goma za a yi ana mai do da kyautar.

Masu ƙi na biyu a cikinmu su ke. Su kan ce, idan ekklesiya ta buɗe rumbu, ci-ma-zaune za su cika ta, mutane za su zo domin tuwo. Wannan ma ba ƙarya ba ce, an gani tun zamanin manzanni, shi ya sa Bulus ya ce wa Tasalonikawa wanda ya ƙi aiki kada a ba shi abinci (2 Tasalonikawa 3:10), ya kuma ce gwauruwar da ke da 'ya'ya ko jikoki su fara ɗaukar nauyinta domin kada a nawaita wa ekklesiya (1 Timotawus 5:4, 16). Amma gandu ya riga ya koya mana maganin wannan. A gandu ba a ba ƙato tuwo yana kwance, fartanya a ke miƙa masa. Tsoho da marar lafiya da jariri su ke ci ba su yi noma ba, ba kuwa wanda ke yi musu gori. Gida ya san mutanensa ɗaya ɗaya, ya san rago, ya san gajiyayye. Wanda ke tsoron a cuce shi har ya ƙi ba kowa, ya nuna bai san mutanen da ya ke sujada da su ba.

Sai dai akwai wani haɗari wanda ya fi waɗannan kusa da mu, ba a cika maganarsa ba kuwa. A ƙauyukan Maguzawa sau da yawa Bishara gida guda ta shiga: mai gida ya ba da gaskiya, 'ya'ya da jikoki suka bi, aka gina majami'a a gefen gonarsa. Wannan alheri ne, haka ya faru a gidan Karniliyas jarumi da gidan Lidiya da gidan mai tsaron kurkuku a Filibi. Amma bayan shekara arba'in sai ka tarar dattijon ekklesiya ɗan gidan ne, ma'aji ƙaninsa ne, shugabar Zumuntar Mata surukarsa ce, mai bishara da aka aiko kuwa yana zaune kamar ɗan haya, idan ya taɓa laifin ɗan gida sai a fara neman a ɗauke shi. Rigimar gado da aka yi a zaure ran Asabar ita ce za ta raba masu waƙa ran Lahadi. Malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da aiki ya kawo daga Filato ko kudancin Kaduna, ko ɗan kasuwa daga kudu, zai yi shekara goma yana ba da baiko, har yanzu sunansa baƙo. A garuruwa kuma akan sami akasin haka: baƙi su ne masu yawa da kuɗi, Bahaushe mai bi ya shigo da rigarsa da hularsa a dube shi da ido biyu, kamar an aiko shi leƙen asiri.

A nan kwatancin gandu ya ƙare, dole mu ajiye shi. Gandu na jini ne, ƙofarsa haihuwa ce. A gidan Allah kuwa Ɗa guda ne na asali, sauranmu duka 'yan riƙo ne. Bahaushe ya san riƙo: a ɗauki yaro a kai shi gidan gwaggo ko kawu, ya tashi a can. Ya kuma san yadda ɗan riƙo ya kan ji idan aka fara nuna masa bambanci a bakin akushi. To, wanda kakansa ne ya fara karɓar Bishara a ƙauyensu, da wanda ya shigo jiya da dare, hanya ɗaya aka bi aka ɗauko su, jinin Almasihu ne ya biya wa dukansu. Ɗan riƙo ba shi da bakin ce wa wani ɗan riƙo bare. Bulus ya aika wa Filimon bawansa Onisimus da ya gudu, ya ce ya karɓe shi kamar ɗan'uwa ƙaunatacce. Mu tuna ekklesiya a gidan Filimon ta ke taruwa. Watau ran Lahadi mai gida da bawan da ya gudar masa za su miƙa hannu cikin gurasa ɗaya a tsakar gidansa, a gaban matarsa da sauran bayinsa.

Akwai wata tsohuwar magana mai ciwo da ta shafi wannan, ba za mu iya warware ta a nan ba, amma ba daidai ba ne a tsallake ta. Mutumin da Bishara ta same shi da mata biyu ko uku, mishan-mishan da yawa sun hana shi baftisma sai ya sallami sauran ya bar ɗaya. Taron bishop-bishop na Angilikan a Lambeth, a Ingila, ya tsai da hana irin wannan mutum baftisma a 1888. Bayan shekara ɗari, a 1988, taron ya sassauta, ya yarda a yi masa baftisma bisa sharaɗin ba zai ƙara aure ba, ba kuma za a tilasta masa ya kori ko ɗaya daga cikin matan ba. Ekklesiyoyi ba su zama baki ɗaya a kan wannan ba, kowace da dokarta, ba kuwa nufinmu mu sassauta koyarwar aure ɗaya. Abin da mu ke tambaya shi ne matar da aka sallama. Ba ta yi laifi ba, bisa ga al'adar da ta sani aka aure ta. Duk ekklesiyar da dokarta ta fitar da mace daga ɗakinta, ta ɗauki bashin ci da sha da suturar wannan mace da na 'ya'yanta, ko an rubuta a littafin dokoki ko ba a rubuta ba.

Rumbun gidan Allah kuma ba na masu bi kaɗai ba ne, ko da ya ke su ne na fari (Galatiyawa 6:10). Sarkin Roma Yuliyanus, wanda ya bar bangaskiya ya koma ga gumaka, ya yi gunaguni a wajen 362 cewa Kirista suna ciyar da matalautansu har da na waɗanda ba nasu ba. Jihar Katsina ta sha wuyar 'yan bindiga a shekarun baya bayan nan. Kowa ya tuna Disamba 2020, sa'anda aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara. Ƙauyuka sun watse, manoma sun bar gonakinsu, mata da yara sun kwana a makarantu da kangaye. Yawancin waɗanda abin ya shafa Musulmi ne, gama su ne masu yawa a ƙasar. Macen da ta tsaya a ƙofar mai bi da goyo a baya da ƙwarya a hannu, ba a tambayarta addininta kafin a auna mata. Masu bi na karkara da suka gudo cikin gari kuma, ekklesiyar gari ce gidansu. Bai kamata su kwana a tasha ba alhali akwai ɗakunan da ba kowa a gidajen waɗanda ke kiransu 'yan'uwa.

To, yaya za a yi a aikace? Ba sabon abu mu ke kawowa ba. Yawancin ekklesiyoyinmu na karkara suna yin godiyar kaka, a kawo dammunan gero da dawa, da wake da gyaɗa, a tara a gaban majami'a. Sau da yawa a kan sayar da su nan take, lokacin da hatsi ya fi araha, a sa kuɗin a kwano ko siminti. Gini yana da kyau, mai bishara kuma ya cancanci hakkinsa. Amma a ware kashi a zuba a rumbu, a bar shi har tsakiyar damina, watan Yuli da Agusta, sa'anda tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, mudu ya yi tsada, gwauruwa ta fara dafa tafasa ba tuwo. A lokacin ne a ke buɗewa. Wanda ke da ƙarfi a ba shi rance ya mayar da kaka, ba riba. Wanda ba shi da ƙarfi a ba shi kyauta, ba shela. Gonar marar lafiya a yi mata gayya, yadda a ke yi tun dā. Zumuntar Mata ta riga kowa a wannan hanya, gama su ne ke zuwa gidan haihuwa da gidan makoki da itace da gari tun ba a kira su ba, su ne kuma suka san tukunyar da ba ta hau wuta ba jiya. Dattawa su tambaye su kafin su rubuta sunaye.

Saura maganar mabuɗi, gama rumbun jama'a ya kan jawo zargi. Ekklesiyar Urushalima ma ba ta tsira ba. A Ayyukan Manzanni sura 6, Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci na kowace rana, ana fifita na 'yan ƙasa. Manzanni ba su tsauta musu saboda gunagunin ba, ba su kuma ce a yi haƙuri ba. Suka tara jama'a, suka ce a zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida a danƙa musu aikin. A karanta sunayen a aya ta 5: Istifanas, Filibus, da sauran biyar, duka sunayen Helenanci ne, na ƙarshensu ma, Nikolas mutumin Antakiya, ba a haife shi Bayahude ba, shigowa ya yi. Ga alama daga ɓangaren da ya yi kuka aka zaɓo masu rabo. Ekklesiyar da yawancinta gida guda ne za ta iya bin wannan: mabuɗin rumbu ya zama a hannun mutum biyu, ɗaya a cikinsu wanda ba ɗan gidan ba, a auna hatsin a gaban shaidu ran da aka zuba, a kuma karanta lissafinsa a gaban jama'a sau biyu a shekara, da kaka da kuma farkon damina.